Ajiye Aikin Ofis Domin Cin Gashin Kai: Darasi Daga Romi

Maganar da muka ɗauko a wannan mako ta shafi ma'aikata da 'yan kasuwa baki ɗaya, domin kuwa a kan iyakar da ke tsakaninsu take. A 'yan shekarun nan da wuya a zauna majalisar ma'aikata a tashi ba a ji wani yana cewa ya gaji da aikin ofis ba. Burinsa shi ne ya ajiye, ya kama sana'ar kansa, ya riƙa zuwa jana'iza da zumunci ba sai ya nemi izini a rubuce ba, ya zauna karatu gaban malaminsa bayan Asuba ba tare da yana duban agogo ba. Sai wani dattijo ya ce masa ya yi hattara, kada ya saki reshe ya kama ganye. Kowanensu yana da hujja. Kuskure kuwa a irin wannan al'amari ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya, sai ya haɗa da matarsa da 'ya'yansa da tsofaffin da yake ciyarwa.

Domin mu auna maganar da ma'aunin da ya fi son rai nauyi, mun ga ya kyautu mu dubi Romi da unguwannin da ke kewaye da ita a kudancin Kogin Kaduna. Da wuya a sami wani wuri a Arewa da ya ɗanɗani zaƙin albashi da ɗacinsa kamar wannan yanki.

Yankin da albashi ya gina

Kaduna tun asalinta garin ma'aikata ce. Turawa suka zaɓe ta, suka ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru suka kawo ta nan a 1917, saboda ruwan kogi da hanyar jirgin ƙasa. Ba kamar Kano ko Katsina ba, inda kasuwa da masallaci suka riga ofis da ɗaruruwan shekaru, a Kaduna ofis da bariki da tasha ne suka jawo kasuwa. Ƙasar da Romi take a kai, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, gonakin Gwari ce tun tuni, kuma akwai kogin Romi da ke ratsa yankin kafin ya zuba cikin Kogin Kaduna.

A 1957, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, haɗin gwiwa tsakanin Gwamnatin Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Cikin shekarun 1960 sai Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya. A 1975 kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, sa'an nan a 1980 aka buɗe matatar mai, wadda ba ta da nisa da Romi. Dubban mutane daga kowane lungu na ƙasar nan suka kwararo. Da Kakuri da Makera da Nasarawa suka cika, sai gine-gine suka miƙa kudu, zuwa Unguwar Talbijin da Sabon Tasha da Romi da Gonin Gora. Jiniyar masaƙa ita ce agogon unguwa. Ita ke tayar da mai aikin safe, ita ke sallamar mai aikin dare, kuma mai shayi da mai tuwo da mai gidan haya duk da ƙarshen wata suke lissafi.

A wancan zamani wanda ya ce zai bar aikin albashi sai a ɗauka ya sami taɓin hankali. Da aka biya kuɗin Udoji a farkon 1975, har da bashin watannin baya, ma'aikata suka cika kantuna suna sayen rediyo da babur, 'ya'yan manoma da na masu sana'a suka ajiye fartanya da guduma suka nufi layin neman aiki. Amma shekarar ba ta ƙare ba sai da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 nan take, wasunsu a rediyo suka ji labarin. A 1984 aka sake wata rage ma'aikata. A 1986 aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, albashin da yake kai mutum ƙarshen wata ya koma ba ya wuce tsakiyarsa.

Ranar da injuna suka yi shiru

Masaƙu suka yi ta rangaji saboda ƙarancin wutar lantarki, da tsadar baƙin mai, da atamfar waje mai arha da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya. KTL ta rufe a 2002. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, har UNTL, wadda ta fi su girma, ta rufe ƙofarta a 2007. Ma'aikatan KTL sun shafe fiye da shekara goma suna bin haƙƙinsu na sallama, kuma da yawa daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya ba su karɓa ba. Matatar mai ita ma ta yi shekaru masu yawa ba ta tace ko ɗigo ba. A ɓangaren gwamnati kuwa, jarrabawar da aka yi wa malaman firamare na Jihar Kaduna a 2017 ta kai ga sallamar 21,780 daga cikinsu, sa'an nan a 2021 aka sallami dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi.

Abin lura a nan shi ne, akasarin mutanen kudancin Kaduna da suke cin gashin kansu a yau ba su suka zaɓi haka ba, tura su aka yi. Da aka tura su kuwa, sai suka rabu gida biyu. Wanda ya riƙe wata sana'a tun yana aiki, ko ɗinki ne ko walda ko gyaran wuta, ko kuma bai sayar da gonarsa ta gado ba, sai ya faɗa a kan ƙafafunsa. Wanda bai san komai ba sai injin guda da yake tsaye a gabansa shekara ashirin, shi ne aka gani yana gadi da furfura a kansa, ko yana acaba da babur ɗin wani. Da gaskiyar Bahaushe da ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Saboda haka duk mai cewa aikin albashi inuwa ce da ba ta gushewa, to, ya je Kakuri ya dubi ciyawar da ta rufe harabar masaƙu.

Kasuwa ma tana da nata iyayen gida

Sai dai wannan yanki ɗaya ya koyar da darasi na biyu, wanda masu ɗokin barin ofis ba su cika son ji ba. Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 sun ci rayuka da dukiya ta kowane ɓangare, suka mai da kogi tamkar iyaka, inda akasarin Musulmi suka tattara arewa, akasarin Kirista suka tattara kudu. Ma'aikacin da ya ƙaura ya tarar da kujerarsa a ofis tana jiransa, albashinsa bai tsaya ba. Amma ɗan kasuwar da ya bar rumfarsa a Sabon Tasha ko Romi, haka nan takwaransa da ya bar tasa a Tudun Wada ko Rigasa, ya bar jari da masu ciniki da basussukan da yake bin mutane a rana ɗaya.

Bayan haka, a 2014 gwamnatin jiha ta hana acaba a cikin garin Kaduna da kewaye. A 2020 aka rushe Kasuwar Barci domin sake gina ta, aka kuma kulle gari saboda annobar korona. A waɗannan watanni na kulle ma'aikaci yana gida albashi yana shiga asusunsa, shi kuwa mai neman na yau da gobe sai abin da ya tanada. A cikin waɗannan shekaru ne kuma masu garkuwa da mutane suka hana manoman Chikun da yawa zuwa gonakinsu na nesa. A farkon 2023 ƙarancin takardun kuɗi ya tsayar da ciniki cik na makonni.

Watau wanda ya bar shugaba guda a ofis, zai tarar da shugabanni da yawa suna jiransa a waje: mai rumfa da ke son kuɗin haya na shekara, mai karɓar haraji, mai ciniki da ba ya jin uzuri, da bashin da ba ya barci. Ba shi da hutun shekara, kuma ran da zazzaɓi ya kwantar da shi, ran nan ba ciniki. Mun san 'yan kasuwa da suke buɗe rumfa tun hantsi ba su rufewa sai bayan Isha'i, kwana bakwai a mako, wasunsu ko sallar jam'i ba sa samu, alhali masinjan ofis ya tashi tun La'asar. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ba mu kaɗai wannan tunani ya dama ba. A Amurka mutane fiye da miliyan 47 ne suka ajiye ayyukansu da kansu a 2021, bayan zaman gida na korona ya nuna musu cewa rayuwa ba ta ƙare a ofis ba. Amma mafi yawansu wani aikin suka koma wanda ya fi albashi ko sauƙi. Ƙasarsu tana da guraben aiki jingim. A nan kuwa, kujerar da ka tashi a kai yau, kafin gobe mutum ɗari sun nema, kuma ba a komawa.

Abin da malamai suka bayyana

Shari'a ba ta wulaƙanta ko ɗaya daga cikin hanyoyin biyu ba. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi aikin ƙodago na shekaru a Madyana bisa yarjejeniya. Annabi Yusuf ya riƙe taskokin ƙasar Masar, wanda a yau da mun kira shi babban ma'aikacin gwamnati. Annabi Dawuda kuwa sulke yake ƙerawa yana ci daga aikin hannunsa. Fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kiwo a kan lada, ya kuma yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Hadiza. Imamu Abu Hanifa ɗan kasuwar tufafi ne a Kufa, kuma ya ƙi karɓar alƙalanci har aka tsare shi a kan haka. A nan ƙasarmu an ruwaito cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana tufkar igiya domin ya ci daga guminsa, kuma ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littafi a kan hukunce-hukuncen neman abinci, mai suna Tanbihus Sahib.

A babin ijara, watau haya, malaman fiƙihu sun raba mai aiki gida biyu. Akwai wanda aka yi hayar lokacinsa, kamar akawu da malamin makaranta da ma'aikacin masaƙa. Wannan ya cancanci ladansa matuƙar ya miƙa kansa a lokacin da aka yi alkawari, ko an ba shi aiki ko ba a ba shi ba, amma waɗannan sa'o'i ba nasa ba ne, ya riga ya sayar da su. Akwai kuma wanda yake yi wa kowa aiki, kamar tela da maƙeri da makaniki. Wannan lokacinsa nasa ne, amma ba shi da lada sai ya gama aiki, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya, idan kayan da aka kawo masa suka salwanta a hannunsa, shi ke da ramuwa, sai fa in an sami shaidar cewa ba da sakacinsa ba ne. Kun ga ke nan tun tuni malamai suka gane cewa duk wanda ya karɓi 'yancin lokaci, ya karɓi nauyin asara tare da shi.

Taura biyu ba ta taunuwa

Akwai hanya ta uku da mutane da yawa suka bi, kuma ita ce muke so mu fi jan kunne a kanta. Mutum ya sa hannu a rajista da ƙarfe takwas, ya rataye hularsa ko ya bar jakarsa a kan tebur domin a ce yana nan, ya zare jiki ya nufi shagonsa ko wajen kwangilarsa, ba a sake ganinsa sai ranar albashi. Shi a ganinsa ya yi dabara, ya haɗa tsaron ofis da 'yancin kasuwa. Amma tsohon da ya taso daga Kujama tun Asuba domin takardar fenshonsa, ya wuni a kan benci yana jiran wanda ba ya nan, wa zai biya shi wuninsa? Albashin sa'o'in da ba a yi aikinsu ba cin dukiyar jama'a ne, kuma da ita ake saya wa yara abinci.

Mu tuna da Sayyidina Abubakar. Da aka naɗa shi halifa, sai ya ɗauki tufafinsa ya nufi kasuwa kamar yadda ya saba. Sahabbai suka tare shi, suka yanka masa abin da zai ishe shi da iyalinsa daga baitulmali, domin ya ba da lokacinsa ga al'amarin jama'a. Ashe ke nan albashi fansar lokaci ne. Dokar ƙasa ma a nan ta yi daidai da wannan, domin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kansa, in ban da noma.

Daga 1 ga Disamba 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta fara sauya makon aiki zuwa kwana huɗu a ofis, aka ƙara sa'a guda ana tashi ƙarfe biyar. Cikin dalilan da ta bayar har da samun lokacin iyali da hutu da noma. Sai dai a sanarwar farko an ce Jumma'a ranar aiki ce daga gida. Saboda haka kowane ma'aikaci ya binciki ƙa'idar ma'aikatarsa, ya san sa'o'in da ya sayar da waɗanda suka rage nasa, sa'an nan ya yi amfani da nasa wajen noma da kiwo da koyon sana'a.

Kafin a rubuta takardar ajiye aiki

Ba mu musun cewa matsin gaskiya ne. An mai da mafi ƙarancin albashi naira 30,000 a 2019, aka ɗaga shi zuwa naira 70,000 a 2024, amma tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Mai ƙetare gada kullum zuwa sakatariya ya san rabon da kuɗin mota ke ci a albashinsa. Wanda ya ga zai fi samun rufin asiri a waje, ba wanda zai hana shi. Amma ya tsaya ya yi wa kansa hisabi a kan waɗannan abubuwa.

Na farko, niyya. Idan gudun tashi da sassafe ne ko ƙin a ba shi umarni, to, kasuwa za ta fi ofis wahalar da shi. Idan kuwa aikin ne yake tilasta masa cin hanci ko sa hannu a kan ƙarya, kuma ya rasa yadda zai kauce, to, barinsa ya fi zama alheri ko da da ƙaramin jari ne.

Na biyu, sani. Mutane suna son ba da labarin Abdurrahman ɗan Aufu, wanda ya isa Madina hannu rabbana, aka yi masa tayin rabin dukiya ya ƙi, ya nemi a nuna masa kasuwa kawai. Abin da ake mantawa shi ne, ya taho da sanin ciniki tun daga Makka. Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya yi shekaru yana fataucin goro a hanyar Gwanja kafin ya zama babban dillalin gyaɗa. Al'adar kasuwanninmu ita ce yaro ya zauna a ƙarƙashin ubangida shekaru kafin a sallame shi da jari. Digiri ba ya ɗauke wa mutum wannan zama. Haka kuma sai ya san hukuncin saye da sayarwa, domin an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana wanda bai san shi ba zama a kasuwar Madina.

Na uku, jari mai tsarki. Ya nisanci bashi da ruwa, komai matsuwa. Ƙofar ƙiradi a buɗe take: wani ya kawo kuɗi, wani ya kawo ƙarfinsa, su yanka rabon riba tun farko, rabi ko sulusi, asarar kuɗi kuwa ta hau kan mai kuɗi muddin ba a yi sakaci ba. A rubuta, a kafa shaidu, ko da tsakanin wa da ƙane ne. Tun 2012 kuma akwai bankin Ja'iz, wanda Kaduna tana cikin garuruwa uku da ya fara buɗe reshe. Game da fensho, dokar 2014 ta yarda wanda ya bar aiki bai kai shekara 50 ba, ya kuma yi wata huɗu bai sami wani ba, ya ciri abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na asusunsa ba. Sauran sai lokacinsa ya yi. Kada mutum ya gina lissafinsa a kan kuɗin da hannunsa ba zai kai gare su ba.

Na huɗu, iyali. Ciyar da su wajibi ne, cika burin zuciya kuwa ba wajibi ba ne. Ya shawarci uwargida, domin ita za ta fara ganin ƙasan tukunya. Ya tanadi abincin watanni da kuɗin makarantar yara dabam da jari, domin sabuwar sana'a ba ta ciyar da mai ita tun ran farko, kuma wanda ya fara cin jari ya kama hanyar rufe shago.

Na biyar, fita da mutunci. Ya ba da sanarwar da ƙa'ida ta gindaya, ya miƙa fayiloli da mabuɗai da duk kayan gwamnati, ya biya bashin ƙungiyar adashi, ya yi sallama da na sama da na ƙasa. Abokan aikin jiya su ne masu cinikin farko.

Na shida, zakka. Ma'aikaci da yawa bai taɓa tara nisabi ba, saboda haka bai saba da ita ba. Mai shago kuwa sai ya keɓe wata guda a shekara ya ƙimanta hajarsa, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da yake sa ran za a biya shi. In sun kai ƙimar dinari 20, wajen giram 85 na zinariya, ya fitar da ɗaya cikin 40.

Ga 'yan'uwanmu 'yan kasuwa kuma, idan tsohon akawu ya zo muku yana neman koyo, kada ku yi masa dariya. Ku nuna masa hanya, shi kuma ya taimake ku da abin da ya iya na ajiye lissafi da rubuta yarjejeniya, wanda rashinsa ya rusa gidajen kasuwanci da dama bayan rasuwar masu su. Ga waɗanda suka zaɓi su zauna a ofis, su sani cewa asibiti da makaranta da kotu ba sa tafiya sai da mutanen kirki, kuma in duk masu amana suka fice, jama'a za ta faɗa hannun waɗanda ba su da ita. Su dai riƙe wata sana'a ko gona a gefe ta hanyar da doka ta yarda, domin ko ba a sallame su ba, shekara 35 ta aiki ko 60 ta haihuwa tana nan tafe.

Allah Ya ba mu arziki na halal mai albarka, Ya tsare mu daga cin amanar lokaci da ta dukiya, Ya zaunar da Kaduna lafiya kudu da arewa.